'Yata za ta shiga SS2 ajin kimiyya: me ke jiranta a kemistiri?

Maman Ummi, Pantami: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen malamai da iyayen da suka riga ni bin wannan hanya. 'Yata Ummi ta gama SS1, za ta shiga SS2 ajin kimiyya idan an koma hutu. Likita take so ta zama, tun tana firamare ba ta da zancen da ya wuce wannan. A zangon ƙarshe ta ci 78 a kemistiri, na yi ta murna. To jiya ƙanen babanta da ya gama sakandare bara ya ce min kada in yi saurin guɗa, wai na SS1 share fage ne, daga SS2 ake gane wane ne wane. Tun daren jiya hankalina bai kwanta ba. Ni a aji uku na ƙaramar sakandare aka yi min aure, ban san komai a fannin nan ba. Don Allah me ke jiranta, kuma me zan iya yi mata daga gida?

Malam Isa, Bajoga: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa Ummi albarka, ya cika mata burinta. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma gaskiya ƙanen babanta bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya miki dalilin ba. Kafin in ce komai, ki tambayar min ita abu ɗaya: 78 ɗin nan da hadda ta same shi ko da lissafi?

Maman Ummi: Malam, hadda kam Allah ya hore mata, ta haddace izu talatin a Islamiyya. Ina jinta da daddare tana rera sunayen sinadarai guda ashirin na farko kamar waƙa.

Malam Isa: To alhamdu lillahi, baiwa ce, kuma za ta yi mata rana. Amma a nan ne yaranmu masu ƙoƙari suka fi yin tuntuɓe. A SS1 yawancin tambayoyin na "mene ne kaza" ne, mai hadda ya zuba amsa ya wuce. Daga SS2 tambayar takan koma "nawa ne" da "me ya sa". Za a ba ta nauyin abu a ce ta faɗi yawan iskar da zai fitar. Za a tura wutar lantarki cikin ruwan sinadari a ce ta lissafa giram nawa na jan ƙarfe zai taru. Za a ce me ya sa garin dutse ya fi dunƙulensa saurin narkewa a asid. Babu shafin da za ta haddace ya fitar da ita a nan, domin kullum lambobin canzawa suke.

Duk wannan lissafi a kan abu ɗaya yake zaune, shi ne mol. Kin san yadda a kasuwar hatsi ba wanda yake ƙirga ƙwayar gero, sai dai a ce mudu kaza, tiya kaza? To mol shi ne mudun masu kemistiri. Mol ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³, ko na mene ne. Amma kamar yadda mudun gero da mudun gyaɗa ba nauyinsu ɗaya ba, haka mol ɗin ruwa giram 18 ne, mol ɗin dutsen farar ƙasa giram 100. An taɓo mata wannan a SS1. Idan ta fahimce shi da gaske, rabin wahalar SS2 da SS3 ta ƙare. Idan kuwa ma'anarsa kawai ta haddace, a wannan hutun ya kamata a gyara, kada a jira a koma.

Ga gwaji, ki ba ta. A Ashaka nan kusa da mu ana ƙona dutsen farar ƙasa don yin siminti: CaCO₃ → CaO + CO₂, wato dutsen (CaCO₃) ya rabu, iskar CO₂ ta fita. Idan aka ƙona giram 25 na dutsen zalla, giram nawa na CO₂ zai fita, kuma wane fili zai ci a ma'aunin s.t.p., wato zafi da matsin iska da aka tsayar don irin wannan lissafi? Kada kowa ya ba da amsa a nan tukuna don Allah.

Abba Tudun Wada: Malam, da girmamawa, amma kuna tsorata Hajiya. Ni ban ga wani abin dogon bayani ba. A saya wa yarinya littafin tambayoyin WAEC da JAMB na shekarun baya, ta bi su sau uku, shi ke nan. Tambayoyin maimaita kansu suke. Ni da haka na ci C4, ban taɓa gane mol ɗin nan ba har yau.

Hauwa'u, ɗaliba a jami'ar jihar Gombe: Yaya Abba, ni ma da wannan shawarar na tafi, kuma na ɗanɗana kuɗata. Na samu C5, na shiga jami'a, sai na tarar a shekarar farko duk ɗalibin kimiyya sai ya sake yin kemistiri, kuma daga inda aka ɗauka ka iya ake ɗorawa. Ba wanda zai tsaya koya maka daidaita ikweshan a aji mai ɗaruruwan mutane. Sai da na koma littafin SS2 na ƙanwata ina karantawa da daddare, ga karatun jami'ar yana jirana. Kuma Maman Ummi ta ce likita Ummi take so ta zama. A JAMB mai neman likitanci Turanci da bayoloji da fiziks da kemistiri yake rubutawa, tambaya 40 a kemistiri kaɗai, ga jarrabawar gaba ɗaya tambaya 180 cikin awa 2. Wanda ke neman gurbin likita ba tsallake siraɗi kawai yake nema ba, maki mai yawa yake nema.

Abba Tudun Wada: Ban ce kada ta fahimta ba fa. Amma ku faɗi gaskiya, tambayoyin baya suna taimako ko ba sa yi?

Malam Isa: Suna yi ƙwarai, Abba, ni ma da su nake bita da 'yan SS3. Inda muka rabu shi ne lokacin. Idan aka gama babi, sai a nemo tambayoyin da aka taɓa yi a kansa a gwada kai. Amma a ba yarinya 'yar SS2 littafin amsoshi a ce ta haddace, an koya mata ɗaukar kaya ba gammo ke nan. Ranar da aka sauya 25 ya koma 40 sai ta tsaya cak.

Injiniya Bala, Azare: Ni ba malami ba ne, amma ina da 'ya'ya biyu da suka wuce nan. Abin da na lura, da yawa matsalar ba kemistirin ba ce, lissafi ne. Babban ɗana ya san abin da ake so ya nemo, amma da an zo juya fomula ko raba lamba mai ɗigo sai ya rikice. Hajiya, ki duba sakamakonta na lissafi. Idan yana ƙasa, malamin lissafi za ki fara nemo mata kafin na kemistiri. Kuma ki saya mata kalkuleta ta kimiyya tata ta kanta tun yanzu, hannunta ya saba da ita, ba ranar jarrabawa ta ari ta wata ba.

Maman Ummi: Lissafin 61 ta ci. Na ba ta tambayar Malam, tana ɗaki tun ɗazu.

Anti Rabi, Yelwa, Bauchi: Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wata sakandare, kuma ina ta jira in ji wani ya ambaci firaktikal, shiru. Maman Ummi, wannan shi ne abin da za ki je makarantar da ƙafarki ki tambaya. Kemistirin WAEC takarda uku ce. Ta farko tambayoyin zaɓi guda 50 cikin awa ɗaya. Ta biyu ta rubutu ce, awa 2, maki 100. Ta uku firaktikal, awa 2, maki 50, kuma a tsaye ake yin ta a gaban teburi da kwalabe.

A cikinta akwai taitireshan. Za a zuba asid a wani dogon bututun gilashi mai famfo a ƙasa, buret ake ce masa, yana cin cm³ 50, wato mililita 50. Sai ta ɗebi bes, wato kishiyar asid, da wani siririn bututun awo da ake kira fifet, yawanci cm³ 25, ta zuba a kwalba, ta ɗiga ruwan da ke nuna launi, sannan ta riƙa sakin asid ɗin a hankali tana girgizawa har launin ya juya. Ɗigo ɗaya ne tsakanin daidai da wuce gona da iri. Za ta maimaita sau biyu ko uku, kuma dole adadin da take samu su kusanci juna, ta rubuta su da lamba biyu bayan ɗigo. Hannu ne yake koyon wannan, ba ƙwaƙwalwa ba. Na sha ganin yarinya mai ƙoƙari hannunta na rawa ta buɗe famfon gaba ɗaya, asid ya zube, ta fashe da kuka, saboda ranar ce ta biyu da ta taɓa riƙe buret a rayuwarta.

Sai kuma gano abin da ke cikin gishirin da ba a faɗa mata sunansa ba. Ta narka shi, ta ɗiga ruwan NaOH, wato sodar yin sabulu: idan guda-guda masu launin kore mai dauɗa suka fito, ƙarfe ne nau'in Fe²⁺, ja mai ruwan ƙasa, ƙarfe nau'in Fe³⁺, shuɗi, jan ƙarfe, Cu²⁺. Farare su ne masu rikitarwa, domin zinki da alminiyam da dalma duk fari suke bayarwa kuma duk su narke idan NaOH ya yi yawa, sai an koma ga ruwan amoniya, a nan na zinki ne kaɗai yake narkewa. Wanda ya gani da idonsa sau ɗaya ba ya mantawa.

Baban Sadiq, Kumo: Anti Rabi kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Makarantar da ɗana ya gama, kowane zango sai mun biya kuɗin firaktikal, shekara uku cur. Wallahi yaron nan bai shiga ɗakin gwajin ba sai ana saura kwana huɗu jarrabawa, su kusan goma a kan buret ɗaya. Da na je na yi magana aka ce min sinadarai sun yi tsada. Na yarda sun yi tsada, to kuɗin da muka biya fa? Laifina shi ne ban taɓa tambayarsa ba sai da aski ya zo gaban goshi. Hajiya kada ki yi irin nawa. Ki ce a nuna miki ɗakin, ki ga ko akwai ruwa a famfon, ki tambayi 'yan SS3 sau nawa suka shiga bana. Yaran ba za su ɓoye miki ba.

Abba Tudun Wada: Ai a makarantu da yawa malamin ne yake faɗa wa yara adadin da za su rubuta, kowa ya sani.

Anti Rabi: Ana yi, kuma cin amana ne, ga shi yana jawo a riƙe sakamakon yara gaba ɗaya idan aka kama. Sannan ka tuna abin da yarinyar nan take so ta zama. Wadda za ta auna wa jariri magani a sirinji gobe, ita za a koya wa rubuta adadin da ba ta auna ba?

Maman Ummi: Ta fito. Ta ce giram 11, amma ta kasa ɓangare na biyu, ta ce ba ta tuna fomular ba. Idonta ya yi ja.

Malam Isa: Ma sha Allah, giram 11 daidai ne, ki gaya mata na yaba. Giram 25 rubu'in mol ne, mol ɗin CO₂ kuma giram 44 ne, rubu'in 44 kuwa 11. Na biyun ba ya buƙatar wata fomula. Mol ɗaya na kowace iska yana cin dm³ 22.4 a s.t.p., wato lita 22.4, ita kuma rubu'in mol gare ta, sai ta raba gida huɗu, 5.6. Kin ga abin da nake nufi? Amsar tana hannunta, amma ta tafi neman layin da ta haddace. Wannan ɗabi'ar ce za a canza, kuma tana canzuwa cikin 'yan makonni idan ana yin tambaya biyu ko uku kullum. Yarinyar da ta samo 11 da kanta ba abin damuwa ba ce.

Hauwa'u: Maman Ummi, ki gaya mata ta shirya wa oganik ma, wato babin sinadaran kabon. Nan ne haddarta za ta yi aiki, amma hadda mai tsari: farkon sunan yana gaya maka yawan kabon, met ɗaya, et biyu, furof uku, but huɗu, haka har goma, sai ƙarshen sunan ya gaya maka dangin. Ni da farko na ɗauka sunaye ɗari zan haddace, ashe ƙa'ida ce 'yar kaɗan. Kuma sunayen asid ma a jarrabawa na IUPAC, ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, ake so, masu tsawon nan da lambar Rumawa a ciki, ba sunan da masu cajin batir suke kira ba. Abin daɗin shi ne babin ya shafe mu kai tsaye yanzu, tunda a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Yadda ake tace ɗanyen mai a raba fetur da kananzir da gas duk a wannan babin yake.

Malam Isa: Hajiya, na dawo kan tambayarki ta biyu, abin da za ki yi daga gida. Kin ce ba ki san komai a fannin ba, ni kuwa na ce kin sani. Idan miyar yakuwa ta yi tsami me kike sa mata?

Maman Ummi: 'Yar kanwa mana, Malam.

Malam Isa: To abin da Anti Rabi ta bayyana ke nan, asid da bes suna kashe juna, ke da harshe kike gane an kai, su da launi. Ki jiƙa zoɓo ba sukari, ki raba kofi uku. Ɗaya ki matsa lemon tsami, zai ƙara ja. Ɗaya ki zuba ruwan kanwa, zai yi duhu ya karkata wajen kore. Na ukun ki bar shi don kwatance. Sannan ki ba Ummi cokali ta riƙa ɗiga lemon tsami a kofin kanwar tana ƙirgawa har jan ya dawo. Kumfar da za ta gani tana tashi ita ce CO₂ ɗin da ta lissafa ɗazu. Farin ɓawon da ke kama cikin butar shayi idan ruwan rijiya ko na burtsatse mai nauyi ne, yana cikin babin ruwa. Sabulun da ake haɗawa da ruwan toka da mai yana cikin oganik. Idan babanta yana noma, ta ɗauki buhun yuriya ta ga an rubuta 46%, ta gano daga ina: nauyin mol ɗin CO(NH₂)₂ 60 ne, naitirojin a ciki 28. Buhu mai kilo 50 ke nan yana da wajen kilo 23 na naitirojin, shi kuwa NPK 15:15:15 kilo 7.5 ne kacal. Ta yi wa babanta wannan lissafin, za ki ga yadda zai riƙa kallonta.

Injiniya Bala: Malam, wannan ya yi kyau, amma kada iyaye su ɗauka zoɓo zai maye gurbin ɗakin gwaji, makarantu su samu hanyar zamewa.

Anti Rabi: Ba zai maye ba, Injiniya, karanta buret sai da buret. Kuma ina roƙo, a tsaya a zoɓo da kanwa da lemon tsami. Kada yaro ya ji daɗin gwaji ya je ya ɗebo ruwan batir ko sodar yin sabulu, suna ƙona fata, suna makantarwa. Kada a haɗa ruwan bilic da wani abin wanke banɗaki, iska mai guba yake fitarwa. A makaranta ma Ummi ta riƙe wannan: asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid mai ƙarfi, tartsatsi yake yi. Ta tura hijabinta cikin rigar lab idan za a kunna wuta. Idan makarantar har yanzu da baki ake zuƙar fifet, iyaye su haɗa kuɗi a sayo robar zuƙa, ba ta da tsada.

Baban Sadiq: Akwai kuma batun Turanci. Ɗana yakan gane abu idan an yi masa bayani da Hausa, amma ya kasa gane abin da tambayar take so.

Malam Isa: Gaskiya ne Alhaji. Ni a aji nakan yi bayani da Hausa har sai na ga fuskoki sun saki, sannan mu rubuta da Turanci, domin da shi za a yi jarrabawar. Akwai kalmomin tambaya da ba su fi goma ba masu yawan dawowa: wadda ke nufin ambata kawai, wadda ke nufin yi bayani, wadda ke nufin lissafa, wadda ke nufin bambanta. Yaro ya cika shafi da bayani a inda aka ce ya ambata, lokaci ya ƙare masa. A firaktikal kuma akwai layin abin da ido ya gani da layin abin da hakan ke nufi, idan aka cakuɗa su maki yana zubewa ko da gwajin ya yi daidai.

Maman Ummi: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya raya muku zuri'a. Mun yi na zoɓon da yamma, har ƙannenta suka taru. Cokali bakwai ta ƙirga kafin jan ya dawo, ta ce za ta sake gobe ta ga ko bakwai ɗin zai kuma fitowa. Ranar Litinin zan je makarantar tare da babanta mu ga ɗakin gwajin. Malam, ta ce in roƙe ku ku ƙara mata wata tambayar.

Malam Isa: To ga ta. An narka giram 4 na NaOH a ruwa har ya cika cm³ 500. Mol nawa ne a cikin kowane dm³ ɗaya? Nauyin mol a giram: Na = 23, O = 16, H = 1. Ta rubuta kowane mataki a takarda, ki ɗauki hoton ki turo, aikin nake so in gani ba amsar kaɗai ba.